Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'in Arewa Kan Binciken Damuwa



Ni malamin aikin ƙarfe ne a wata makarantar koyon sana'a. Abin da ya sami yayana ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara 26 ya yi yana koyarwa a firamare. A bazarar bara, ana tsakiyar zafi, albashi ya yi wata biyu bai shigo ba, mai gidan haya kuma yana sallama safe da yamma. Ya tashi zai yi alwalar Asuba, buta ta suɓuce masa, baki ya karkace. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Wata uku kafin nan ya je asibitin da ciwon kai da rashin barci, aka auna jininsa aka ga ya hau, aka rubuta masa magani, likita ya ce, "Malam, a rage tunani." Iyakarta ke nan. Mai 'ya'ya takwas, buhun masara ya kai gindi, ta ina zai fara rage tunani? Ban ɗora wa likitan laifi duka ba, na ga layin da ke ƙofarsa. Amma har yau maganar nan tana ci mini rai, domin abin da ya kayar da Yaya abu ne da ake iya aunawa.

A ɗakin aikinmu nakan ba yara guntun waya in ce su lanƙwasa ta gaba da baya. Ta farko ba komai, ta goma ba komai. Can sai wurin lanƙwasar ya ɗau ɗumi, ta tsinke a hannunsu. Ba lanƙwasa ɗaya ce ta karya ta ba, maimaitawa ce. Mu mukan ce ƙarfen ya gaji. Wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru a ƙarni na 19 yana juya sandunan ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun jirgi har su karye, yana ƙirgawa, domin a san nauyin da ƙarfe zai iya jurewa. Da jiragen sama samfurin Comet suka tarwatse a sararin sama a 1954, Ingila ta tsoma gangar jirgi guda cikin tankin ruwa, ana matsa ta ana saki har ta tsage, aka gano inda aibin yake. Ba a ce wa ƙarfe ya yi haƙuri ba.

Sunan da masana ke kiran matsin da ke kan jikin mutum ma daga wurin injiniyoyi aka aro shi. A 1936 Hans Selye, a birnin Montreal na Kanada, ya nuna cewa ko sanyi aka gana wa ɓera, ko rauni, ko wahalar gudu, sakamakon iri ɗaya ne: 'yan halittun da ke saman ƙoda su kumbura, ciki ya yi gyambo. Daga can ne sinadarin kotisol ke fitowa, wanda ke taimakon mutum a lokacin haɗari, amma in ya daɗe a sama ya tayar da jini da sukari, ya hana barci. Binciken Whitehall da aka fara a 1967 ya bi ma'aikatan gwamnatin Ingila shekara da shekaru, aka tarar ƙananan ma'aikata sun fi manya mutuwa da ciwon zuciya. Zagaye na biyu, daga 1985, ya ɗauki mutum sama da 10,000, ya nuna rashin iko a kan aikinka ma ciwo ne. Waɗannan fa ma'aikata ne da albashinsu ke shiga a kan lokaci.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen irin wannan bincike a kan amfanin gona. A Samaru da Kano, da Sadore ta Nijar, ana gwada yadda gero da wake ke jure fari da zafi, kuma manoma sun amfana. Wannan yana ƙarfafa mini gwiwa, don ya nuna muna da masu iyawa. To, mutumin da ke noma geron fa? Na san ɗalibai na raba takardun tambayoyi, a rubuta kundi, a ɗora a kanta ƙura ta rufe. Roƙona shi ne bincike mai dogon zango: a ɗauki malaman firamare, da 'yan adaidaita sahu, da matan da rikici ya raba da ƙauyukansu, a riƙa auna jininsu da barcinsu da kotisol ɗinsu shekara goma. Ana gane kotisol a yawu, ana gane shi a gashin kai. TETFund na da asusun bincike na ƙasa. Ku haɗa kai ku nema, likita da injiniya da masanin halayyar ɗan Adam a tebur ɗaya. Na tabbata matsin nan ne ke cinye magidantanmu tun ba su kai hamsin da biyar ba, amma gwamna ba zai saurari tabbacina ba, alƙaluma zai saurara, in ma ya saurara.

 Abin da aka gano a faɗe shi da Hausa a rediyo.

Wataƙila wasiƙar nan a kan tebur za ta ƙare. Duk da haka na rubuta. Yaya yanzu yana zaune a kan tabarma a zaure, yana matsa ƙwallon roba da hannun hagu kamar yadda aka koya masa. Jiya da na leƙa gaishe shi, da ƙyar ya haɗa kalmomin, ya tambaye ni ko albashi ya shigo.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani malamin aikin ƙarfe