Ku Zo Mu Koya: Yadda Murya Ke Ƙetare Teku

Masu karatu, a wannan wata za mu yi magana a kan mutanen da ke harhaɗa na'urar rediyo a gidajensu don sha'awa kawai, suna gaisawa da takwarorinsu na ƙasashe masu nisa.

A da, masana suna ganin gajeren zango ba shi da wani amfani, sai aka bar wa waɗannan mutane shi. A watan Nuwamba 1923, Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka. A watan Oktoba 1924 kuma, wani saurayi a London mai suna Cecil Goyder ya sadu da Frank Bell a New Zealand, watau can ɗaya gefen duniya.

Yaya aka yi haka? Can sama, daga wajen kilomita 60 har fiye da 300, akwai shimfiɗun iska da hasken rana ke cika su da lantarki. Na sama suna maido da saƙo ƙasa kamar madubi, ƙasa kuma ta sake cilla shi sama. Amma ta ƙasa-ƙasa, da rana takan shanye saƙon. Da faɗuwar rana sai ta watse, hanya ta buɗe. Shi ya sa masu wannan sha'awa ke dakon asuba da magariba.

Wani lokaci kuwa abin yakan zo da ban mamaki. Saƙo yakan kewaye duniya cikin kashi ɗaya bisa bakwai na daƙiƙa. Amma a 1927, Jørgen Hals a birnin Oslo ya ji saƙon wata tashar Holan ya maimaitu bayan wajen daƙiƙa uku. Har yau masana ba su daidaita a kan dalilin ba.

Rana kuma tana da nata halin. Tabon da ke fuskarta yakan yawaita, ya ragu, cikin kimanin shekara 11. Idan ta yi aman wuta mai ƙarfi, cikin minti 8 gajeren zango yakan ɗauke a ɓangaren duniya da ke cikin hasken rana, wani lokaci har awa ɗaya ko fiye.

Saboda haka maigida, idan tashoshin nesa suka ɗauke da tsakar rana, kada ka yi garajen kai akwatinka wurin mai gyara, kada kuma ka zargi yara. Fara murɗa tashar kusa. In tana fita sarai, akwatin lafiyarsa ƙalau. Ka dakata zuwa dare, ka sake gwadawa.

Sai wata mai zuwa.