Tukwici Ɗaya, Haraji Biyu

A ƙarshen shekara kamfani kan ba ma'aikacinsa kuɗin bonas, ya kuma ba ɗan kwangilar da ya kammala masa aiki da wuri irin wannan tukwici. A idon doka duka biyun kuɗin shiga ne, kuma sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ma'auni ɗaya ta ɗora wa kowa: naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji, daga nan ya hau daga kashi 15 har zuwa 25 cikin ɗari. Matsalar a wajen karɓa take.

A ɗauki ma'aikacin da albashinsa ya riga ya kai matakin kashi 18. In aka ba shi bonas na naira 500,000, tsarin PAYE, wato cire haraji tun daga albashi, zai yanke 90,000 kafin ma kuɗin su shiga asusunsa. Ƙwararren da ke aikin kwangila kuwa kashi 5 ake riƙe masa, wato 25,000, kuma wannan kafin alƙalami ne kawai. Ragowar sai shi da kansa ya je hukumar harajin jiharsa ya bayyana abin da ya samu. Nawa ne ke zuwa?

Za a ce ai ɗan kwangila shi ke sayen man janareta da kayan aikinsa, ba shi da fansho, ba shi da hutun shekara. Gaskiya ne, shi ya sa doka ta bar shi ya cire kuɗin da ya kashe kafin a lissafa ribarsa, kuma ban ga laifin haka ba. Sai dai wannan hujja ba ta shafi wanda ke sa hannu a rijistar ofis kullum da safe, yana da oga guda, amma takardarsa ta ce shi "mai ba da shawara" ne. Irin wannan suna kamfanin yake yi wa amfani, domin ya kauce wa kashi 10 na fansho da dokar 2014 ta wajabta masa. Ma'aikacin yana murnar bonas ɗinsa ya fito da kauri, bai san tsufansa aka rage wa ba.

Hukumomin harajin jihohi, daga Kano zuwa Legas, sun fi ƙwazo kan mai albashi saboda shi ne mai sauƙin kamu. Ya kamata masu bincikensu su riƙa tambayar wa ke sa lokacin aiki, wa ke da kayan aikin, kuma mutum nawa ɗan kwangilar ke yi wa aiki, maimakon dogara da sunan da aka rubuta a takardar biya.