Faɗuwar Gaban Mai Takaba: Kewa ce ko Ciwon Zuciya?

Bahaushe bai raba zuciyar da take harba jini da zuciyar da take jin daɗi ko ɓacin rai ba, suna guda ya ba su. Idan aka ce wane yana fama da ciwon zuciya, sai an ƙara tambaya kafin a gane ko maganar asibiti ake yi ko kuwa takaici ne ya yi masa katutu. Har ma akan ce mutum ya haɗiyi zuciya ya mutu, watau baƙin ciki ne ya zama ajalinsa. Wannan cuɗanya ta harshe takan koma matsala ta gaske a gidan da aka yi rashi, inda dattijuwa ta rabu da abokin zamanta na shekara 40 ko 50, sannan ta fara kukan faɗuwar gaba da nauyin ƙirji da sarƙewar numfashi cikin dare. Sau da yawa 'ya'ya sukan gama yanke hukunci tun likita bai gan ta ba. Sai ka ji an ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tunanin Baba ne, zai wuce."

Irin wannan hukunci bai dace a yanke shi a tsakar gida ba. Duk dattijo ko dattijuwar da ta fara jin sabon abu a ƙirji bayan rasuwar abokin zama, abin da ya kamata shi ne a ɗauka ciwon zuciya ne har sai awon asibiti ya nuna akasin haka. Idan kuma awon ya nuna zuciya lafiya take, to, aiki bai ƙare ba, domin fargaba ita ma cuta ce da take da magani.

Dalilin Kamannin Cututtukan Biyu

Idan mutum ya firgita, wasu ƙananan gaɓoɓi da suke zaune a saman ƙoda sukan saki wani sinadari da ake kira adiranalin cikin jini. Nan take zuciya za ta ƙara sauri, zufa ta keto, jiki ya ɗauki rawa, numfashi ya riƙa fita da gaggawa. Saurin numfashin nan yakan rage iskar kabon dayoksaid da take cikin jini fiye da kima, daga nan sai jiri ya biyo baya, yatsu da gefen leɓe su riƙa yin tsam-tsam. Wannan shi ne abin da yake faruwa ga wanda fargaba ta auka masa, ko da kuwa babu wani abin tsoro a gabansa.

Sai dai kuma hanyar tana da zuwa da dawowa. Idan jijiyar da take shayar da tsokar zuciya ta toshe, ko bugun zuciya ya rikice, jiki yakan fahimci yana cikin haɗari, sai ya saki wannan sinadari dai. Ke nan mai ciwon zuciya na haƙiƙa shi ma zai yi zufa, ya yi rawar jiki, ya ji kamar mutuwa ce ta zo. Saboda haka ganin tsoro a fuskar tsohuwa ba ya isa hujjar cewa tsoro ne kaɗai yake damunta. Kama da wane, in ji masu iya magana, ba ta wane.

Abin da Bincike ya Nuna

A shekarar 1969 wani likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Ingila, Colin Murray Parkes, tare da abokan aikinsa sun buga sakamakon bin diddigin maza 4,486 'yan shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A cikin wata 6 na farko mutum 213 daga cikinsu suka mutu, watau ƙarin kashi 40 cikin 100 a kan abin da ake tsammani ga tsararrakinsu masu mata, kuma cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini ne suka fi yawa a cikin wannan ƙari. A shekarar 2012 kuma wani bincike a Amurka, wanda ya shafi mutum 1,985 da suka sami toshewar jijiyar zuciya, ya nuna cewa haɗarin kamuwa da wannan ciwo yakan ninka kusan sau 21 a cikin awa 24 na farko bayan rasuwar makusanci, sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali.

Bugu da ƙari, a shekarar 1990 likitoci a ƙasar Japan suka bayyana wata cuta da suka raɗa wa suna takotsubo, sunan wani tulu da masuntan ƙasar suke kama wata dabbar teku mai hannuwa takwas da shi. A wannan cuta, mummunan labari ko firgici yakan sa babban ɗakin zuciya na hagu ya saki, ya kumbura daga ƙasa har ya ɗauki siffar tulun, alhali jijiyoyin zuciyar ba su toshe ba. Kusan 9 cikin 10 na masu kamuwa mata ne, galibi waɗanda suka daina al'ada. Yawancinsu sukan warke cikin makwanni, amma kwanakin farko suna da haɗarin gaske. Ashe haɗiyar zuciyar da magabata suke faɗa tana da tushe a kimiyyance.

Takaba wata 4 ce da kwana 10, ke nan gaba ɗayanta tana cikin lokacin da haɗarin ya fi yawa. Akwai kuma wasu dalilai na zahiri da suke ƙara tsananta al'amarin. Mai yiwuwa marigayin ne yake sayo maganin hawan jini yana tuna mata lokacin sha. Dattijon da matarsa take rage masa gishiri a miya ya koma cin abincin da ya samu. Barci ya ƙaurace, goro da shayi sun ƙaru, su kuwa suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai sa zuciya gudu.

Alamomin da Suke Karkata

Akwai alamomin da suka fi karkata ga zuciya. Ciwon da yake tasowa lokacin aiki, kamar tafiya masallaci ko hawa tudu ko ɗaukar bokitin ruwa, ya kuma lafa idan an huta, abin zargi ne ƙwarai. Haka nan nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, musamman idan ya miƙa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi ko gadon baya. Kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya sai an tara matasai, da farkawa cikin dare ana haki, alamu ne na zuciyar da ta gaza tura jini yadda ya kamata. Suma da bugun da ba shi da tsari su ma ba abin wasa ba ne. Wani abin lura kuma shi ne tsofaffi da mata da masu ciwon sukari sukan sami toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. Abin da za su ji bai wuce kasala da haki da tashin zuciya da zafi a saman ciki ba, sai a ɗauka gyambon ciki ne.

Ita kuwa fargaba ta fi zuwa tare da tunani, alal misali da almuru, lokacin da maigida ya saba shigowa, ko da tsakar dare idan ɗaki ya yi tsit. Takan kai maƙura cikin kamar minti 10, sannan ta sassauta, kuma sau da yawa hira ko ɗan tattaki yana rage ta. To, amma ciwon firgicin nan mai zuwa farat ɗaya galibi tun ƙuruciya yake farawa, ba kasafai yake soma kama mutum bayan shekara 45 ba. Don haka idan mai shekara 68 wadda ba ta taɓa yin irinsa ba ta fara yau, wajibi ne a fara neman wani dalili a jikinta.

Duk da haka, alamomin nan karkata kawai suke yi, ba sa yanke hukunci, domin ko likitoci sukan ruɗe. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya duba mutum 107 masu wata cutar saurin bugun zuciya mai zuwa ta tafi, aka tarar kashi 2 cikin 3 nasu sun cika sharuɗɗan ciwon firgici, kuma fiye da rabinsu ba a gano ainihin cutar a ganin farko ba. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka yi a Kanada aka kuma buga a 1996 kan mutum 441 da suka je sashen gaggawa da ciwon ƙirji ya nuna kusan kashi 1 cikin 4 ciwon firgici ne da su, sannan kashi 44 cikin 100 na waɗannan an riga an san suna da cutar jijiyar zuciya. Watau cututtukan biyu suna iya haɗuwa a ƙirji guda. Har ila yau, ƙarancin jini, da yawan aikin gaɓar wuya wadda kumburinta yake jawo maƙoƙo, da faɗuwar sukari ga mai shan magani ba ya cin abinci, duk suna kwaikwayon fargaba.

Uzurin da Ake Kawowa

Wasu za su ce awo yana da tsada, manyan asibitoci kuma suna da nisa. Gaskiya ne ba kowa ne zai iya isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika cikin sauƙi ba. Amma matakin farko ba ya bukatar wannan doguwar tafiya. Awon hawan jini, da ƙirga bugun jijiya, da sauraren ƙirji, da duba ƙafafu, ana yin su a ƙaramin asibiti, kuma suna gano abubuwa da yawa. Wani bincike da aka buga a 2012 kan marasa lafiya 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, ya nuna hawan jini ne babban sanadi, kusan kashi 45 cikin 100. Daga nan sai awon wutar zuciya da ake kira isiji, wanda ba ya wuce 'yan mintoci, da gwajin jini na turoponin mai nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni, da hoton zuciya na eko idan likita ya ga da bukata. Ya kamata a sani cewa isiji yana iya fita lafiya idan an yi shi lokacin da ciwon ya lafa, shi ya sa akan ɗaura wa mutum wata 'yar na'ura ta awa 24.

Wasu kuma za su ce mai takaba ba ta fita. Malaman fiƙihu sun halatta mata fita saboda lalura, neman magani kuwa yana cikin manyan lalurori. Akwai kuma masu gudun kada zancen asibiti ya ƙara tsorata tsohuwa, sai su nufi kemis su sayo mata ƙwayar barci irin su Valium. Wannan ya fi kowanne muni, domin irin waɗannan ƙwayoyi suna sa tsofaffi jiri da faɗuwa da ruɗewa, jiki yana sabawa da su, kuma suna lulluɓe alamar da likita yake bukatar gani.

Akwai taimakon da iyali za su iya yi wanda ba ya cin ko kwabo. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta lokacin da abin ya taso, da abin da take yi a sa'ar, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da adadin bugun jijiyar wuyan hannu a minti guda, wanda ga mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100. A kuma tafi da dukkan magungunan da take sha, har da na gargajiya. Amma idan nauyin ƙirji ya wuce 'yan mintoci bai lafa ba, ko aka ga zufa mai sanyi, ko suma, ko haki mai tsanani, to, babu zancen rubutu ko jiran gari ya waye, domin tsokar zuciya tana mutuwa ne awa bayan awa.

Idan Awo ya Fita Lafiya

A nan ne ake yin kuskure na biyu. Da zarar likita ya ce zuciya lafiya lau, sai 'ya'ya su ce, "To, kin ji ko Hajiya, ba komai," kowa ya kama gabansa. Wasu kuwa sai su shiga yawo da ita daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, abin da yake ƙara mata zullumi. Alhali kuwa faɗuwar gaban gaskiya ce, kuma dalilinta a bayyane yake. Bayan sadakar arba'in masu gaisuwa sun watse, tabarmi an naɗe, an bar ta ita kaɗai da ɗakin da babu kowa.

Maganin wannan yana farawa da mutane. A samu jika ko 'yar'uwa mai kwana tare da ita, a tsara ziyara ta yadda ba za ta yanke ba, a bar ta ta yi zancen mijinta ba tare da an katse ta da "a yi haƙuri" ba. Shi ma dattijo kada a bari ya yanke zuwa majalisa da jam'i. Idan aka ga an daina cin abinci, barci ya gagara na makwanni, ko ana yawan fatan mutuwa, sai a nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba, domin zuwa wurinsa ba ya nufin hauka. Akwai magani ta hanyar tattaunawa, akwai kuma ƙwayoyin da likita yake rubutawa waɗanda sai sun ɗauki makwanni kafin a ga amfaninsu. Addu'a da neman magani kuwa ba su taɓa zama kishiyoyi ba.

Kammalawa

Nauyin nan ya rataya a wuyan ɓangarori da dama. Ma'aikacin asibiti ya tambayi duk tsohon da ya zo masa ko an yi masa rashi kwanan nan, kada kuma jin amsar ya sa ya ajiye abin awonsa. Malamai su riƙa bayyana wa jama'a a wuraren ta'aziyya cewa takaba ba ta hana zuwa asibiti. Su kuwa 'ya'ya, yadda suke zama su tsara rabon gado da biyan bashin mamaci, haka ya kamata su sa ranar da za a kai wanda ya rage daga cikin iyayen a auna masa jini tun cikin makwannin farko, su kuma fitar da wanda zai riƙa tuna masa da shan magani, aikin da marigayin yake yi a da.