Tudun Ɗan Daura Yana Makka

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce. Ka tashi daga Sandamu ka nufi Mai'aduwa, ko daga Zango ka gangara Ɓaure, da wuya ka ci karo da tudun da zai sa ka dafa gwiwa. Mai son ganin duwatsu sai ya kama hanyar Kano ya kai Kazaure. Shi ya sa in aka kawo maganar shirya jiki domin hawan tudu, mutuminmu zai ce wannan zancen mutanen Jos ne. Ni kuwa a ganina babu wanda ya fi mu bukatar wannan magana, domin tudunmu yana Makka yana jiranmu, kuma yawancinmu sai mun haura arba'in ko hamsin kafin Allah ya hore mana kuɗin kujera.

Duk wanda ya sauke farali ya san aikin Hajji aikin ƙafa ne. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa, sau bakwai, ya kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi a cikin cunkoso. Daga tantunan Mina zuwa wajen jifa tafiya ce mai nisa, a je a dawo, kwana bayan kwana. Mai sha'awar ziyartar Kogon Hira kuwa sai ya hau Jabalun Nur, matakala bayan matakala, har numfashi ya riƙa yi masa gardama. A Hajjin 2024, da zafi ya wuce ma'auni 50 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 ne suka rasu. Ajali na Allah ne, amma jikin da ya saba da tafiya ya fi jure rana da gajiya fiye da wanda ya shekara goma bai taka daga gida zuwa kasuwa ba.

Iyayenmu ba su san wannan matsala ba. Magidanci yakan ɗaura buhun gero a kariyar kekensa Rali, ya tuƙa cikin yashi har kasuwar Mai'aduwa, ya ci kasuwa ya dawo gida kafin magariba. Mu kuwa da babur ya shigo, sai muka ajiye ƙafa gaba ɗaya. Yau za ka ga mutum ya tada mashin don zuwa masallacin da yake jin kiran sallarsa daga zaure. Daga nan sai tumbi, sai ciwon gwiwa, sai hawan jini da ciwon suga su biyo baya, a ce ai girma ne ya zo.

Gaskiya ne shekaru na cin jiki. Masana sun nuna cewa daga shekara 30 tsokar mutum kan riƙa raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, ƙarfin zuciya da huhu ma haka yake ja da baya. Amma zama ne ke hanzarta wannan raguwa, motsi kuma na rage mata gudu, ko da mutum ya fara a makare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, sannan kwana biyu ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 150 ai rabin awa ne kullum har kwana biyar. Wane magidanci ne zai rantse ba ya ɓata fiye da haka a majalisa?

To ina za mu samo tudu? Allah ya ba mu yashi. Sauka daga kwalta ka bi hanyar gona bayan sallar asuba, za ka ji yadda ƙafa ke nutsewa, ɗan yatsa na neman abin tokarawa, sha-raɓa na ɗaukar zafi, cinya na aiki ninki biyu. Ƙarfin da ake bukata a hawa ke nan. A fara da minti ashirin a kan hanya mai tauri, da saurin da za ka iya magana da abokin tafiya amma ba ka iya dogon labari ba tare da ka ja numfashi ba. Bayan mako biyu a shigo da yashi, a ƙara minti biyar. Wanda ke aiki a bene ya riƙa hawa da sauka da gangan. Wanda ba shi da bene ya samu dakali, ya hau ya sauka sau goma da kowace ƙafa, ya huta ya sake. Tashi daga kujera a zauna ba tare da dafa hannu ba ma babban magani ne ga cinya.

Ga mai ciwon gwiwa, keke ya fi sauƙi, domin ba ya dukan gaɓa kamar tafiya. Sai dai a kai wa mai gyara ya ɗaga sirdi, yadda in feda ta kai ƙasa ƙafa za ta kusa miƙewa. Yawancinmu muna hawa sirdi a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, daga baya mu ɗora wa keken laifi. In mai giya ne, a sa mara nauyi a riƙa juyawa da sauri maimakon danna mai nauyi da ƙarfin tsiya. Lokacin hunturu a fuskanci arewa, hanyar Kongolam, a tuƙa iska na turo ƙirji. A dawowa ita za ta rako ka gida.

Babban abin da ke hana mu shi ne kunya. Wai kada a ga Alhaji a kan keke a ce karayar arziki ta same shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan kunya ta ƙara tsada. Mu tuna da Babbar Sallar 2018, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari, yana shugaban ƙasa kuma yana da shekara 75, ya taka kimanin mita 800 daga filin idi zuwa gidansa a nan Daura. Babu wanda ya ce girmansa ya zube.

Iyayenmu mata na yau su ne suka fi shiga wannan hali na rashin motsi, domin da yawansu sai biki ko asibiti ke fitar da su, kuma su ma jifa da sa'ayi na jiransu. Maigida ya kamata ya zama mai ƙarfafa gwiwa. Zagayen tsakar gida na rabin awa, ko takawa zuwa Islamiyya tare da maƙwabta, ya wadatar a matsayin farko.

Kafin a fara, a auna jini da suga. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko bugun zuciya ba daidai ba, ya tsaya ya ga likita. A guji ranar Afrilu da Mayu, a riƙe gorar ruwa.

Ina kira ga jami'an alhazai na ƙananan hukumomin masarautar nan da malaman da ke yi wa maniyyata bita: kamar yadda ake koya musu ɗaura harami da karanta talbiyya, a gaya musu tun ranar da suka biya kuɗi cewa su fara tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ware rabin awa bayan kowace bita, malam a gaba maniyyata a baya, a zaga unguwa. Wata uku na wannan zai sa tsoho ya yi jifansa da hannunsa maimakon ya wakilta.