Su a kan ƙanƙara domin masu ciwon ƙoda

Sharhinmu na yau zai kai mu Kanada da arewacin Amurka, inda sanyin Janairu da Fabrairu ke daskarar da tafkuna har mota ta hau ta wuce. Wannan sanyi bai hana mutanen can kamun kifi ba. Haƙa ƙanƙarar suke yi su zura ƙugiya, kuma garuruwa da dama sun mai da abin gasa ta shekara-shekara don tara kuɗin taimako. Daga cikin waɗanda ake tara wa akwai masu ciwon ƙoda.

Ga yadda ake yi. Kowa zai sayi tikiti, ya zaɓi ramin da aka huda da inji, wanda faɗinsa bai wuce na faranti ba. Sai ya kifa bokiti ya zauna, da 'yar gajeriyar sandar fatsa a hannu. Wani kuma yakan girka wani ɗan katako mai tuta a bakin ramin, da zarar kifi ya ja zare sai tutar ta miƙe, ka ga ƙato cikin rigunan sanyi yana gudu yana zamewa. Bayan 'yan mintoci dole a sa ludayi a kwashe ƙanƙarar da ke sake haɗuwa a saman ruwan, in ba haka ba ramin ya rufe da zaren a ciki. Wanda ya kama sai ya garzaya wurin awo da kifinsa. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota tana gargaɗin kada a taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai santimita 10 ba, mota kuwa tana bukatar kusan 30.

Mafi shahara ita ce gasar tafkin Gull kusa da garin Brainerd a Minnesota, wadda aka fara a 1991. Takan tara mutane wajen 10,000, kyauta ta farko kuma mota ce a-kori-kura. Ita wannan, mafi yawan kuɗinta yana zuwa wata cibiyar masu naƙasa. Waɗanda ake shiryawa don masu ciwon ƙoda galibi ƙanana ne, sau da yawa dangi da maƙwabtan wani majinyaci ne ke tsayawa a kai.

To, ina kuɗin ke zuwa? Mai sauraro zai ɗauka wankin ƙoda ake biya da shi. Akasari ba haka ba ne. A Kanada gwamnati ce ke ɗaukar nauyin wankin. A Amurka ma, tun 1972 aka yi dokar da ta shigar da waɗanda ƙodarsu ta daina aiki cikin shirin inshorar Medicare, ko da ba su tsufa ba, kodayake kashi 80 cikin 100 shirin ke biya, sauran yana wuyan majinyaci ko wata inshorar. Abin da ke karya mutane shi ne ɗawainiyar da ke kewaye da injin wankin. Sau uku a mako ake yin wankin, kowane zama kimanin awa huɗu, ga gajiyar da ke biyo baya. Wane aiki mutum zai riƙe a haka? Ga kuɗin mai, ga abinci na musamman mai ƙarancin gishiri, ga masauki. A arewacin lardin Manitoba akwai 'yan asalin ƙasar da ke barin garuruwansu su tare a birnin Winnipeg don kawai su kasance kusa da inji. Irin wannan giɓi ne ƙungiyoyi kamar Gidauniyar Ƙoda ta Kanada, wadda aka kafa a 1964, ke ƙoƙarin cikewa, tare da ɗaukar nauyin bincike.

A ganina gasar tana yin tasiri ne saboda hukuma ta riga ta ɗauke babban kayan. Kuɗin tikitin yini guda zai iya zuba wa motoci mai har tsawon watanni, amma ba zai riƙe mutum a kan inji shekara da shekaru ba. Ga shi kuma kuɗin ya dogara da yanayi. A 2024 sanyi bai yi ƙarfi ba a Minnesota, har masu gasar Brainerd suka fasa tara jama'a wuri guda, wasu gasannin kuma aka soke su. Majinyaci kuwa ranar wankinsa ba ta ɗaguwa.

Mu ma ai muna da bukukuwan kamun kifi. Ga Argungu da kogin Matan Fada, ga na masarautar Bade a jihar Yobe, kuma a yankin Gashuwa na wannan masarauta an daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda. Sai dai a wajenmu mafi yawan majinyata daga aljihunsu suke biyan wankin, a sayar da gona, a sayar da dabbobi, kuɗi ya ƙare a koma gida. Duk wanda ya ce kuɗin biki zai magance wannan, yaudarar kansa yake yi.

Abin da taro irin wannan zai iya shi ne gwaji. Ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma ciwon ba ya nuna alama sai ya yi nisa. Ko a Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce kusan 9 cikin 10 na manyan da ke da shi ba su sani ba. Rumfa guda a bakin ruwa, da ma'aikatan jinya masu awon jini da gwajin fitsari, ba za ta ci kuɗin da ake kashewa a kan kyaututtukan gasa ba, kuma dubban da suka zo kallo ta gabanta za su bi.