Guntun Wayar da Ke Tsayar da Tashar Nukiliya

A watan Yunin 2021 hukumomin ƙasar Sin suka amsa cewa kimanin sandunan makamashi 5 sun lalace a injin farko na tashar nukiliya ta Taishan, daga cikin sanduna sama da 60,000. Suka ce abin bai taka kara ya karya ba. Kamfanin EDF na Faransa, mai kashi 30 cikin ɗari na tashar, ya ce da a ƙasarsu ne da tuni an kashe injin. Sai ƙarshen Yuli aka kashe shi, bai kuma koma aiki ba sai Agustan 2022. Faransawan sun fi gaskiya.

Sandar makamashi bututu ne mai kaurin ɗan yatsa, tsawonsa kusan mita 4, an ƙera shi da ƙarfen zarkoniyam, bangonsa ko milimita ɗaya bai kai ba. A ciki ake jera ƙwayoyin yuraniyam, ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit, bayan an tace shi. Wannan siririn bango shi ne ya raba gubar da ke ciki da ruwan da ke sanyaya injin.

Abin da ke huda shi kuwa yawanci ba babba ba ne. Ruwa na gudu da ƙarfi, sandar na karkarwa tana gogar ƙarfen da ya riƙe ta, yau da gobe har wurin ya cinye. Ko kuma ma'aikaci ya bar guntun wayar buroshi a cikin bututun ruwa lokacin gyara, wayar ta maƙale a gindin sanda, ta yi ta cizonta wata da watanni. Akwai tsatsa da daskararren datti, akwai kuma ƙara wa injin ƙarfi da gaggawa, wanda ke sa ƙwayar ta kumbura ta tsaga bango. Da an huda, sinadarin aidin da iskar zinon kan bayyana a ruwan, injiniyoyi su gane.

Maganin ma sananne ne: matata a gindin sandunan, ƙirga duk kayan aikin da aka shiga da su kafin a rufe, kula da sinadaran ruwa, da tada injin sannu a hankali. A 2006 tashoshin Amurka suka sa wa kansu burin kawar da hudewar sanda baki ɗaya kafin 2010, adadin kuma ya ragu sosai. Amma gyaran ma na son natsuwa. A tashar Paks ta Hangari, a Afrilun 2003, damman sanduna 30 suka lalace a tankin da aka sa su don wanke datti, saboda ruwan sanyayawa bai wadace su ba.

Najeriya da Gana duk suna maganar gina tashar lantarki ta nukiliya. Kafin a zo kan kwangila, ya kamata majalisunsu su tabbatar hukumar sa ido tana da ikon kashe inji ranar da aidin ya ƙaru a ruwa, ko da gari zai kwana ba wuta.