“Koma Ɗakinki”: Nauyin Da Ke Kan Waliyyai

Duk wanda ya girma a gari irin namu, inda katanga ɗaya ke raba gida da gida, ya san wani irin kuka da kan tashi bayan an yi sallar lisha an rurrufe ƙofofi, kukan da maƙwabta kan ji su yi tsit, wani ya ƙara muryar rediyo, wata ta ja yaranta ɗaki, sa'an nan in gari ya waye a gaisa da mai gidan a bakin masallaci kamar ba a ji kome ba. Ni kaina na taɓa kasancewa cikin masu yin tsit ɗin nan, shekaru da yawa da suka wuce, a wani gidan haya da muka zauna, har daren da aka fito da matar maƙwabcina ranga-ranga aka sa a mota, aka ce wai santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya. Kuma har yau, in na tuna yawan dararen da na ji kukanta ban buga ƙofar ba, nakan nemi gafarar Ubangiji.

Al'amarin mijin da ke ɗaga hannu a fili yake, babu mai hankalin da zai kira aikinsa da wani suna in ba zalunci ba. Wanda nake so mu yi nazarin halinsa shi ne mutumin kirkin nan, dattijo mai carbi, uban yarinyar ko wanta ko baffanta, wanda shari'a ta ɗora masa wilaya a kanta, wanda kuma in ta sallama masa da dare, ido a kumbure, ɗa goye a baya, tun ba ta gama gaisuwa ba sai ya ce, “Tashi ki koma ɗakinki.”

Binciken lafiya da yanayin jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa mata 31 cikin 100, 'yan shekara 15 zuwa 49, sun taɓa shan duka ko wata cutarwa ta jiki, kuma cikin waɗanda suka taɓa aure, 36 cikin 100 sun ce mazajensu sun cuce su, ko da hannu, ko da baki, ko da tilastawa a shimfiɗa. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin rahoton kuwa shi ne 55 cikin 100 na waɗanda aka cuta ba su taɓa neman taimakon kowa ba, kuma waɗanda suka nema, mafi yawansu gidan iyayensu suka nufa, masu zuwa wurin 'yan sanda ko likita ko lauya ba su taka kara sun karya ba. Ma'anar wannan ita ce zauren uba shi ne kotun farko, sau da yawa ma shi ne na ƙarshe, kuma duk hukuncin da aka yanke a can shi mace za ta ɗauka ta tafi da shi.

Lalle rahoton ya nuna shiyyar Arewa maso Yamma ce mafi ƙarancin dukan mata, ina kuwa fata haka abin yake; amma wanda ya san kunyar Bahaushiya, wadda ba ta iya ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, zai yi masa wuya ya yarda cewa za ta zauna gaban baƙuwa mai takarda da alƙalami ta kwance mata sirrin ɗakinta. A watan Disamba na 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana cewa nazarin da aka yi a kotunan shari'a na Kano ya gano ƙararrakin dukan mata masu yawan gaske, har da karaya da zubar haƙora, ya kuma ce shi yakan gaya wa 'ya'yansa in miji ya mare su su rama. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan maganar ramuwa, ni ma ban ga maslaha cikin mace ta yi dambe da wanda ya fi ta ƙarfi ba. Sai dai na fahimci abin da ke ƙarƙashin maganar, watau uba ne ke sanar da surukansa cewa 'yarsa tana da gata.

Kakanninmu, waɗanda ba su san wata ƙungiyar kare hakkin mata ba, sun bar mana wata hanya mai hikima, ita ce yaji da biko. In zama ya yi tsami, mace takan ɗauki ɗan ƙunshinta ta tafi gidan iyayenta, igiyar aure tana nan ba ta tsinke ba, amma tafiyar tata ƙara ce ta kai. Shi kuwa miji ba ya samun matarsa sai ya aiko manya, ko ya zo da kansa ya durƙusa a zaure, a ji ta bakinsa, a ji ta bakinta, a yi masa faɗa gaban idon iyayensa, ya ɗauki alkawari, ya kawo abin biko, sa'an nan a ba shi ita. Kunyar durƙuson nan ita ce linzamin da ke riƙe hannun maza da yawa. Yau a gidaje masu yawa an yar da biko, iyaye ne ke rako 'yarsu kafin miji ya aiko, har su ba shi haƙuri a kan ta fita ba da izninsa ba. Mijin da aka yi wa haka kuwa ya koyi darasi guda, cewa ba wanda zai tambaye shi.

Ba na jahiltar uzurin iyaye. Wani talauci ne ya sa yake ganin dawowarta da 'ya'ya uku ƙarin baki ne a kan tukunyar da dā ma ba ta isa. Wani bai gama biyan bashin kayan ɗaki ba. Wani yana tsoron a ce 'yarsa ta kasa zaman aure, ƙannenta su rasa manema. Wani kuwa auren zumunci ne, mijin ɗan wansa ne, yana gudun kada zumunci ya lalace. Sai a tattara waɗannan duka a lulluɓe su da kalma ɗaya mai tsarki, a ce haƙuri. “Aure ibada ne.” “Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.” “Zauna domin 'ya'yanki.” Uwa kuma, wadda ita ce ta gasa mata jiki da ruwan zafi, ta ga shatar bulala da idonta, takan sunkuyar da kai ta ce, “Mu ma haka muka zauna, 'yar nan.”

Malamanmu sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan ɗa'a, da haƙurin barin saɓo, da haƙuri bisa abin da Allah Ya ƙaddara na musiba, ban kuwa taɓa jin malamin da ya ƙara na huɗu ba, wanda zai wajabta wa waliyyi ya miƙa amanar da ke hannunsa ga wanda ya tabbata yana cutar da ita. Mace tana iya zaɓar ta jure, ladarta tana wurin Ubangijinta, amma hukuncin wanda ke da ikon hanawa dabam ne, domin hadisi ya inganta cewa taimakon da ake yi wa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Abin mamaki ne a ce mu mabiya mazhabar Imamu Malik, wadda ta fi yawancin mazhabobi faɗaɗa wa mace ƙofar fita daga cuta, mu ne muke rufe ta da hannunmu. Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalanmu ke hukunci da shi tun kafin zuwan Turawa, ya tabbatar wa mace hakkin alƙali ya raba aurenta saboda cutarwa, ko da shaidu ba su ce cutarwar ta maimaitu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilmi, ta bayyana cewa matar da ta fanshi kanta da kul'i alhali cutar miji ce ta tilasta ta, za a mayar mata da abin da ta biya, rabuwar kuma ta tabbata. Amma mata nawa ne a yau ake matsa wa su biya sadaki kafin su kuɓuta daga wanda ya fasa musu baki? Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim kuwa ta nuna ana tabbatar da cutarwa da shaidu, ko da labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta. A nan ne laifin irina ya fito fili, domin shari'a ta mai da kunnen maƙwabci hujja ga mace, mu kuwa da shirunmu muka hana ta hujjarta.

Akan kafa hujjar duka da aya ta 34 cikin Suratun Nisa'i, kuma masu yawan ambatonta ba safai suke ƙarasawa zuwa ta 35 ba, wadda ta yi umurni da a tayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, waɗanda a wurin Malikawa suna da ikon haɗawa da ikon rabawa. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa abin da ake nufi da duka a aya ta 34 bai wuce irin taɓawa da asuwaki ba, Aɗa'u ɗan Abi Rabah kuwa, malamin Makka, ya tafi a kan kada miji ya yi dukan sam. Fukaha'u sun haramta taɓa fuska da duk abin da zai bar rauni, sun kuma ba alƙali ikon yi wa mijin da ya ƙetare haddi ta'aziri. Sama da wannan duka, Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Kuma sa'ad da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa a kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahmi saboda an san shi da dukan mata. Wannan shi ne aikin waliyyi tun kafin a shafa fatiha, ya binciki hannun mai nema kamar yadda yake binciken sana'arsa da asalinsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan zargi ga waɗanda ke riƙon matansu kamar kwanukan gida, a mora, in sun fashe a yar.

Ɓarnar ba ta tsayawa a jikin wadda aka daka, ko da yake abin da ke samun jikin ya isa: ɓarin ciki, da kurumta, da karayar da ake kai wa maɗori a ɓoye, da hawan jini, da ƙuncin zuciyar da akan ce aljanu ne a yi ta neman ruƙiyya. Yaron da ya ga an tattake uwarsa yana zaune a gefen tabarma ya ɗauki karatu, wanda zai biya wa tasa matar bayan shekara ashirin. 'Yar'uwarsa ma ta ɗauki nata, shi ya sa binciken nan na 2018 ya sami mata 28 cikin 100 suna ganin miji yana da hujjar duka a kan abubuwa irin su ƙona abinci ko fita ba sallama. Gidan da aka saba da tashin hankali kuwa ba a san wanda za a fitar a makara ba, domin maza ma suna halaka, kamar yadda ƙasa duka ta gani a shari'ar Maryam Sanda, wadda babbar kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a watan Janairu na 2020 bisa kashe mijinta.

Ta fuskar dokar ƙasa akwai wani tabo da ya kamata majalisun jihohinmu su kankare. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka kafa a 1959 bisa samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960, jihohi kuma suka gaje shi, a sashe na 55 ya jera mace tare da ɗa da ɗalibi da bara cikin waɗanda ake iya ladabtarwa, muddin al'adar ma'auratan ta yarda kuma abin bai kai mummunan rauni ba; mummunan rauni kuwa a ma'aunin kundin shi ne irin makanta, da karayar ƙashi, da ciwon da zai kwantar da mutum kwana ashirin. Wannan ma'auni ya fi na fikihunmu sassauci ga azzalumi nesa ba kusa ba, kuma kare shi da sunan addini jahiltar addinin ne. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga mai dukan abokin aurensa, ta haramta korar mace daga gida da barinta ba ci ba sha, ta kuma ba kotu ikon yi wa mai cutarwa iyaka da wadda yake cuta. Da farko a Abuja kaɗai take aiki, sa'an nan jihohi suka yi ta karɓarta, Kaduna a 2018. Inda malamai suka ga wani sashe ya saɓa wa shari'a, sai a zauna a gyara sashen a zartar da sauran, domin kwarkwata ba ta sa a ƙone riga.

Amma doka tana birni, yarinyar kuwa tana bakin zaure da tsakar dare, kuma abin da ake nema ga waliyyi a wannan sa'a bai fi ƙarfin talaka ba: ya buɗe ƙofa, ya sa uwarta ta duba jikinta, in da rauni a kai ta asibiti a adana takardar likita, ya aika wa iyayen mijin da liman da mai unguwa, kada kuma ta koma sai an zauna an ji ta bakinta, an kafa sharaɗi gaban shaidu, in aka sake, ya riƙe hannunta da kansa zuwa gaban alƙali ko ofishin Hisba, kada ya bar ta ta tafi ita kaɗai tana rufe fuska kamar ita ce mai laifi. Matar maƙwabcin nan nawa ta tashi daga jinyar, sai dai kunnenta na hagu bai ƙara ji ba. Daga baya aka gaya mini sau uku tana yin yaji kafin wannan dare, kuma duka ukun mahaifinta ne da kansa ya rako ta har ƙofar gida.